Tambaya: wane homon ne ke sa tsutsar nematod ta yi saɓa?

Ɗalibar_Bayoloji:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin dabbobi da na tsutsotsin ciki ku taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai. Muna karatu ne a kan yadda nematod ke girma, wato dangin su macijin ciki da kurkunu da tsutsar da ke kawo tundurmi da kuma 'yar ƙaramar nan da ake kiwo a lab, C. elegans. An ce dukkansu sau 4 suke saɓa kafin su balaga, L1, L2, L3, L4 sannan babba, wannan kam na gane.

Inda na maƙale shi ne wa ke ba da umarnin. A wajen ƙwari abin a fili yake, ƙwaƙwalwa ta saki wani homon mai suna PTTH, shi kuma ya je ya taɓa wani gilan da ke ƙirji ya fitar da ekdison, ekdison ya rikiɗe ya koma 20E shi ne ke sa tsohuwar fata ta rabu da jiki, sannan ga homon ƙuruciya da ke yanke ko a ci gaba da zama tsutsa ko a wuce gaba. Kuma tun 1997 binciken ƙwayoyin gado ya haɗa ƙwari da nematod gida ɗaya, Ecdysozoa, sunan ma daga saɓar aka ciro shi. To handawut ɗinmu layi ɗaya kawai ya rubuta, wai ekdison ne ke sarrafa saɓa a nematod kamar yadda yake a ƙwari, amma da na buɗe wani littafi sai na ga ya ce C. elegans ba ta ma da riseftar da za ta karɓi ekdison. Wanne zan kama? In babu ekdison to me ke gaya wa tsutsar lokaci ya yi? Ba don jarrabawa kaɗai nake tambaya ba, wallahi so nake na fahimta.

Mai_kiwon_elegans:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Littafin ne ya fi gaskiya, aƙalla in C. elegans ake magana. Tun 1998 aka karance ƙwayoyin gadonta kaf, an duba an sake dubawa, babu EcR babu USP, waɗanda su biyun ne ke haɗuwa su karɓi ekdison a jikin ƙwaro. Kuma ba a taɓa nuna cewa tana ƙera ekdison da kanta ba. Saboda haka kar ki kwaso labarin ƙwari ki ɗora mata.

Amma kafin maganar homon ina so ki ga abin da idonki, in akwai maikroskop a sashenku ki roƙa a nuna miki. Tsutsar tana cikin yawonta a kan faranti tana cin bakteriya, maƙogwaronta na bugawa ba tsayawa, sai kawai ki ga bugun ya ragu ya ragu har ya tsaya cak, ta miƙe ta kwanta, bakin ya toshe, ta daina ci. Wannan kwanciyar ita ake kira letagus, wajen awa 1 zuwa 2 take ɗauka, kuma a 2008 aka nuna tana da siffofin barci na gaske, in kin taɓa ta da ƙyar take motsawa, in kin hana ta sai ta rama da barci mai nauyi. A cikin kwanciyar nan tsohuwar fata ke rabuwa da naman da ke ƙarƙashinta, sabuwa na ginuwa daga ciki. Can sai ta fara juyi tana murɗa jikinta a cikin tsohuwar rigar, ta ja kai baya ta tura gaba, ta tofar da tsohon rufin maƙogwaro, fatar ta tsage ta wajen kai, ta sulale ta fito ta koma cin abinci kamar ba a yi komai ba. Sau 4 haka cikin kwana 2 da ɗoriya in ɗakin yana digiri 20.

Wani bambanci da ake yawan mantawa, fatar ƙwaro kaitin ce, ta nematod kuma kolajin ce, C. elegans tana da ƙwayoyin gado sama da 170 na kolajin kaɗai. Don haka enzayim ɗin da ke narkar da ita ma daban ne, irin su NAS-36 da NAS-37. In aka lalata ɗaya daga cikinsu abin tausayi za ki gani, tsutsa ta fito rabi, tsohuwar fatar ta ɗaure ta a tsakiya ta shaƙe ta, tana jan ragowar a bayanta ta kasa yarwa.

To yanzu homon. Dalilin da ya sa har gobe masana ke zargin akwai homon a ciki abu biyu ne. Na farko kolestarol. Nematod ba sa iya ƙera shi da kansu sai dai su ci, shi ya sa duk wanda ya taɓa haɗa farantin kiwo ya san ana zuba maikrogiram 5 na kolestarol a kowace mililita. In kin hana su shi, musamman a 'ya'yan da suka biyo baya, sai girma ya tsaya saɓa ta lalace. Kuma abin da suke buƙata ɗan mitsitsi ne, bai kai a ce ginin jiki ake yi da shi ba, ya fi kama da abin da ake ƙera saƙo da shi. Akwai ma wani furotin LRP-1 da ke saman fatar ciki, ɗan uwan megalin ɗin da ke ƙodarmu, in babu shi tsutsa ba ta iya yar da tsohuwar fata, kuma ciwon ya yi kama da na yunwar kolestarol.

Na biyu, su EcR ne kawai babu, amma yaran da ke aiki a ƙarƙashinsu a jikin ƙwaro suna nan. NHR-23 ɗan uwan DHR3 ne na ƙudan Drosophila, NHR-25 ɗan uwan FTZ-F1, NHR-85 ɗan uwan E75. NHR-23 shi ne babba, yawansa na hawa yana sauka sau ɗaya a kowane mataki, in kin kashe shi saɓa ta tsaya a duk matakin da aka kai. Ki ɗauke shi kamar kwaɗo ne da aka samu a jikin ƙofa, an tabbatar ƙofar ba ta buɗuwa sai ta wajensa, amma har yau ba a tsinci makullinsa ba, watakila ma ba ya buƙatar makulli. Kuma kwaɗunan suna da yawa fa, C. elegans tana da irin waɗannan risefta wajen 284, mutum 48, ƙudan Drosophila 18.

In kina mamakin me ya sa aka daɗe haka ba a gano ba, ki tuna yadda aka samo ekdison ɗin kansa. A 1954 Butenandt da Karlson a Jamus sai da suka niƙa kilo 500 na tsutsar siliki kafin su sami miligiram 25. Ita kuwa tamu in ta gama girma milimita 1 ce, ba ta da wani gilan da za ki yanke ki dasa wa wata ki ga me zai faru, kuma ba ta ɗauruwa da zare a tsakiya yadda aka riƙa yi wa tsutsar ƙwari.

Likitan_dabbobi:

Malam duk abin da ka faɗa daidai ne, amma ina tsoron kar yarinyar nan ta tafi da cewa nematod gaba ɗaya ba su da alaƙa da ekdison. Ku 'yan C. elegans kuna yawan auna dukkan dangin da ita, alhali ita ce ma ta yar da wasu abubuwan da 'yan uwanta suka riƙe.

'Yata ki rubuta wannan. Tsutsotsin filariya suna da EcR. An same shi a Brugia malayi, ɗaya daga cikin masu kawo tundurmi, an same shi a Dirofilaria immitis tsutsar zuciyar kare, an same shi a Haemonchus contortus ta cikin tumaki, har Pristionchus pacificus da ba tsutsar ciki ba ce tana da shi. Kuma tun a 1993 aka zuba wa L3 na Dirofilaria 20E a cikin kwalba aka ga sun yi saurin saɓa zuwa L4. An kuma tsinci ɓurɓushin sinadaran dangin ekdison a jikin Ascaris, wato macijin ciki, da wasunsu. Abin da ba a tabbatar ba shi ne ko su ke ƙerawa ko daga mai masaukinsu suke tsotsa, ki tuna filariya tana yin wani yanki na rayuwarta a cikin sauro, shi kuwa sauro ekdison a jikinsa yake. Saboda haka handawut ɗinku ba ƙarya tsagwaronta ya yi ba, ya dai yi wa kowa kuɗin goro.

Ni abin da ya fi ba ni sha'awa, a wajen masu shiga jikin dabba sau da yawa umarnin ba daga cikin tsutsar yake farawa ba, daga waje yake zuwa. Ɗauki Haemonchus. Ƙwai ya fito a kashin tunkiya, ya ƙyanƙyashe, L1 ta yi saɓa ta zama L2, da ta zo saɓa ta biyu sai ta ƙi ƙarasawa, fatar ta rabu da jiki amma ba ta cire ta ba, tana nan cikinta a rufe ruf, ba ci ba sha, ta hau kan ciyawa da raɓa tana jira. Rigar nan ita ke kare ta daga bushewa. Ranar da tunkiya ta haɗiye ta ta faɗa babban tumbi, ɗumin wurin da iskar CO2 da ke narke a ruwan tumbin su ne ke taɓa ta, sai ta saki wani ruwa mai enzayim tsakanin fatun biyu. A maikroskop za ki ga wani zobe mai ƙyalli ya bayyana dab da kai, fatar ta narke daidai kan zoben, hular ta ɓalle, tsutsa ta zare jikinta ta fita, duk cikin ɗan lokaci kaɗan. Daga nan ta gangara ɗaki na huɗu na cikin ta ƙarasa saɓa biyun da suka rage ta kama shan jini, shi ne za ki ga dabba ta rame, cikin fatar idonta ya yi fari fat, ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Masu bincike a lab ma haka suke yi, su busa CO2 a ruwan ɗumi tsutsotsin su tuɓe.

Kin ga ke nan saɓa ɗaya an raba ta biyu, rabin farko a kan ciyawa, rabin ƙarshe sai an shiga ciki, tsakaninsu ana iya yin makonni. Kuma lissafin 4 ɗin nan yana nan ko da ba ki gan shi ba, Ascaris tun tana cikin ƙwai take fara nata, tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir, Meloidogyne, ita ma saɓar farko a cikin ƙwai take yi ta fito a mataki na biyu.

Ɗalibar_Bayoloji:

Allah Ya saka da alheri, Yaya da Baba Likita, wallahi kaina ya fara warwarewa. Amma saura biyu. Na ga ana ta ambaton wani dafakronik asid a matsayin homon ɗin C. elegans, to shi ba shi ne makullin da ake nema ba? Sannan me ke ƙirga mata har ta san ta yi 4 ta tsaya, tunda an ce bayan ta balaga tana ci gaba da ƙara girma amma ba ta sake saɓa?

Anti_mai_lab:

Ƙanwata tambayarki ta biyu ta fi ta farko daɗi. Bari na shigo tunda nan ne ɓangaren da na fi so.

Dafakronik asid homon ne na gaske, daga kolestarol ake ƙera shi, a 2006 aka gano shi a haɗin gwiwar lab ɗin Mangelsdorf da na Antebi, kuma riseftarsa ita ce DAF-12. Amma aikinsa ba shi ne ya ce yi saɓa yanzu ba, aikinsa ya ce wace hanya za a bi. Tun tsutsa tana ƙarshen L1 take auna duniyar da ta tsinci kanta, akwai abinci? zafi ya yi yawa? mun yi cunkoso? Cunkoson tana gane shi ne ta wani sinadari da kowaccensu ke fitarwa, askarosaid, in ya yi kauri a wuri ta san baki ya fi abinci yawa. Jijiyoyin kanta su ɗauki labarin, in lafiya lau ne su saki dangin insulin da wani saƙo DAF-7, waɗannan su kunna enzayim DAF-9 a wasu sel guda biyu da ke kai da kuma fatar ciki, homon ya fito ya hau DAF-12, shikenan a wuce L3 a nufi balaga. In kuwa zamani ya yi tsanani homon ba ya fitowa, DAF-12 ta zauna ba kowa a kanta sai ta kama wani furotin DIN-1 su rufe hanyar, tsutsa ta yi saɓa ta biyu ta fito a wata siffa daban da ake kira dawa (dauer), siririya, baki a liƙe, fata mai tauri da ko sabulun lab mai ƙarfi ba ya kashe ta. Wadda a da sati 2 zuwa 3 ne rayuwarta sai ta yi wata 3 ko 4 a haka, ranar da abinci ya dawo ta buɗe baki ta yi saɓa zuwa L4 ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Hujjar cewa ba shi ne homon saɓa ba mai sauƙi ce, ki cire daf-12 gaba ɗaya tsutsa za ta yi saɓarta 4 ta balaga, dawa ce kawai ba za ta iya shiga ba. Amma akwai wani abu mai ban sha'awa, matakin farko na ƙera shi, inda DAF-36 ke juya kolestarol, irin enzayim ɗin nan ne ƙwari ke fara ƙera ekdison da shi, a wajensu Neverland ake ce masa. Tushe ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Shi kuwa bugun lokacin, abin da ya bayyana a shekarun nan shi ne agogo ne a cikin ƙwayoyin gadon kansu. Lab ɗin Grosshans a Basel ta Suwizalan sun nuna a 2014 cewa dubban ƙwayoyin gado suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi, zagaye ɗaya wajen awa 8 a digiri 25, daidai tsawon mataki ɗaya, na kolajin su zo a lokacinsu, na enzayim su zo a nasu. A tsakiyar agogon akwai NHR-23 da Yaya ya ambata, akwai kuma LIN-42 wanda ɗan uwan Period ne, furotin ɗin da ke cikin agogon dare da rana na jikinmu. In lin-42 ya lalace tsutsa tana saɓa amma ba kan lokaci ba, barcin ya zo daban tuɓewar ta zo daban, wata ta daɗe wata ta yi sauri duk da tare aka ƙyanƙyashe su.

Ƙirgar 4 kuma aikin wasu ƙwayoyin gado ne, su lin-4, lin-14, lin-28, let-7, lin-41, lin-29. Biyu daga ciki, lin-4 da let-7, ba furotin suke ƙerawa ba, 'yan guntayen RNA ne da ke toshe bakin wasu, a kansu ne Ambros da Ruvkun suka karɓi kyautar Nobel a 2024, an gano lin-4 a 1993, let-7 a 2000. A L4 let-7 ke tashi ya danne lin-41, da lin-41 ya faɗi sai lin-29 ya samu sarari, shi ne ke cewa a ɗinka fatar manya a rufe shafin saɓa. In babu lin-29 tsutsa ta balaga ta ciki amma fatarta na ganin kanta yarinya, sai ta sake kwanciya ta yi ta biyar har ma fiye. In kuma lin-28 ne babu sai ta tsallake mataki ta tsaya a 3. Kuma a nan homon ya sake leƙowa, domin DAF-12 in dafakronik asid na kanta tana kunna wasu 'yan uwan let-7, su mir-84 da mir-241, masu tura tsutsa daga shirin L2 zuwa na L3. Don haka ba za ki ce homon ba ruwansa da ƙirgar ba, yana da hannu, sai dai ba shi ke kaɗa agogon ba.

A jarrabawa ni da zan rubuta sai na raba amsar haka, zaɓin hanya na dafakronik asid da DAF-12 ne, maimaituwar na agogon NHR-23 da LIN-42 ne, tsayawar ta let-7 da lin-29 ce, sannan na ce homon da ke tayar da kowace saɓa kai tsaye kamar ekdison ba a kama shi ba a C. elegans, amma filariya da wasu suna da riseftarsa. Ki kawo misalan, malami mai adalci ba zai hana ki maki ba ko da ya saɓa wa handawut.

Likitan_dabbobi:

Hajiya kin gama magana. Abu ɗaya zan ƙara don 'yata ta san wannan ba karatun allo ba ne kawai. L3 ɗin da na ce tana jira a kan ciyawa, da ta tsutsar ƙugiya da ta Strongyloides masu jira a ƙasa su huda fatar ƙafa, duk kamanninsu ɗaya da dawa, ba ci, baki a rufe, jira kawai. Kuma su ma DAF-12 gare su. A 2009 aka nuna cewa in an zuba wa 'ya'yan Strongyloides dafakronik asid ba sa zama L3 mai kama mutum, in kuma sun riga sun zama sai homon ya yaudare su su buɗe baki su fara ci tun ba su shiga jikin kowa ba.

Strongyloides stercoralis kuwa muguwa ce, tana iya hayayyafa a cikin mutum tana sake kama shi shekara da shekaru ba tare da ya sani ba, ranar da aka ɗora shi kan maganin sitiroid mai danne garkuwar jiki sai ta ɓarke ta bazu har huhu, kuma tana kisa. A 2018 an gwada a kan ɓeraye da aka sa su cikin irin wannan halin, dafakronik asid ya rage yawan tsutsar sosai. Har yanzu ba magani ba ne da za a ba mutum, kar wani ya karanta ya tafi nema, ibamektin ne abin da likitoci ke bayarwa. Amma mu da muke ganin yadda Haemonchus ke ƙin jin magungunan da muke da su ɗaya bayan ɗaya, duk wata hanya da za a bi a rikita wa tsutsa lokacin saɓarta muna sa mata ido sosai, musamman da yake dabbar da ake yi wa maganin ba ta da irin wannan fatar kuma ba ta wannan saɓar.

Ɗalibar_Bayoloji:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Anti dan Allah in na samu farantin, a wane lokaci bayan ƙyanƙyasa zan zauna gaban maikroskop in ina so na kama kwanciyar?

Anti_mai_lab:

Kar ki wahalar da kanki da L1, sun yi ƙanƙanta. Ki nemi L4, za ki gane su da wani farin tabo mai siffar jinjirin wata a tsakiyar ciki inda al'aurar ke ginuwa. Ki tsince waɗanda tabon ya fito sosai ki mayar da su sabon faranti mai abinci, ki riƙa leƙawa duk bayan minti 20 ko 30, kuma maƙogwaro za ki kalla ba jela ba. Ki rage hasken fitilar, kar ki bubbuga tebur, in kin dame su tashi suke yi.